Ranar da Inna Ta Kai Ƙarar Katifa

Shekara goma sha bakwai Auta ta yi tana aiki a Sashen Kare Jama'a na ofishin Antoni-Janar na jiha, kuma in za a faɗi gaskiya, ba ta taɓa kare ko mutum ɗaya ba. Ba laifinta ba ne. Sashen ɗaki ɗaya ne a ƙarƙashin matakala, mai teburi biyu, da fanka mai juyawa in ta ga dama, da kabad uku maƙare da koke-koke. Mutum zai zo ya ce an sayar masa da siminti rabinsa ƙasa, ko maganin tari da ba komai a ciki sai ruwa da sukari. Auta ta saurare shi, ta rubuta, ta buga hatimi, sannan ta aika wa mai laifin wasiƙa a kan takarda mai kauri, ana roƙonsa cikin girmamawa da ya daina. Iyakar ikon da doka ta ba su ke nan, roƙo. Wanda ya ga dama ya amsa, wanda bai ga dama ba ya yi shiru, kuma masu shirun sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Shugaban sashen, wanda kowa ke kira Darakta, mutum ne mai haƙuri da tumbi. Ya daɗe da gano cewa in ya buɗe jarida ya kare fuska da ita, ba mai iya rantsuwa ko karatu yake ko barci.

Sai ga sabuwar doka. Shekara uku tana majalisa ana jan ƙafa a kanta, har wata rana 'yan majalisa suna sauri su tafi liyafa, aka karanto ta, aka nemi masu goyon baya, suka ɗaga hannu rabinsu ba su san me suka goya wa baya ba. Gwamna ya sa hannu. Da gari ya waye, Antoni-Janar ya tashi da ikon kiran kowane ɗan kasuwa ya zo ya yi bayani, da ikon shiga shago ko masana'anta ya yi bincike, ya karɓi takardu, ya garƙame ƙofa in ya ga ana cutar jama'a, ya kuma kai mutum kotu a madadin waɗanda aka cuta ba sai sun ɗauki lauya ba.

Antoni-Janar gajeren mutum ne mai babbar murya, wanda da ya hango makirufo sai maƙogwaronsa ya fara ƙaiƙayi. Cikin mako ɗaya sau huɗu yana shiga rediyo, yana cewa wannan doka ba ta san ɗan kowa ba, ba ta da ƙane ba ta da wa. Ya sa aka ɗinka wa ma'aikatan sashen riguna masu ɗaukar ido, an rubuta DOKA a bayansu. Duk girmansu ɗaya. Ta Darakta ta ƙi rufe cikinsa, ta Auta kuwa ta kai mata gwiwa.

A unguwa ma abubuwa suka canja. Mai kantin da shekara da shekaru bai taɓa ɗaga kai ya amsa gaisuwarta ba, yanzu shi ke rigan gaishe ta, har yana tambayar yara. Mai nama ya fara goge sikelinsa da gefen riga duk lokacin da ta wuce. Auta ba ta saba ba. Sai ta riƙa sauri kamar ita ce mai laifin.

Wanda ya fi kowa murna yayanta ne. Ana kiransa Injiniya, ko da yake ba makarantar da ta taɓa ba shi wannan suna, shi ya raɗa wa kansa ranar da ya buɗe masana'antar katifa a bayan kasuwa. Katifar Likita yake kiran kayansa, da hoton wani mutum mai farar riga a jikin ledar, yana murmushi yana nuna ƙashin baya. Injiniya ya bi dangi yana shelar cewa doka ta shigo gidansu, daga yau wanda ya taka shi ya taka hukuma.

Ranar Litinin Antoni-Janar ya sauko ƙarƙashin matakala da kansa, karo na farko tun da ya kama aiki, har ya buge kai da ƙofar duk da gajartarsa. Ya ce yana son shari'ar farko kafin mako ya ƙare, wadda za ta yi kyau a talabijin. Darakta ya ce an gama, ranka ya daɗe. Da ya fita, Darakta ya dubi Auta ya ce ta ji dai, sannan ya buɗe jarida.

Kwana biyu tana tona kabad. Mai ƙarar siminti ya rasu. Shagon maganin tari ya zama wurin aski. Wata da ta kawo ƙarar injin ɗinki ta ce ita ta ma manta ta taɓa yin injin ɗinki. Ranar Laraba da hantsi Auta na durƙushe cikin ƙura, sai ta ji hayaniya a bakin ƙofa, ana cewa a ɗaga can, a karkato nan. Da ta ɗago, sai ga katifa tana shigowa ofis a kan direban tasi da mai gadi. A bayan katifar, riƙe da sanda, ga mahaifiyarta.

Inna ta haura saba'in, amma bakinta bai tsufa ba ko kaɗan. Ta sa aka shimfiɗe katifar a tsakar ofis, ta nemi kujera ta zauna, ta ce ta zo kawo ƙara. Tun kafin a sauke katifar Auta ta hango mutumin nan mai farar riga yana murmushi a gefe. Ta matso kusa, ta rage murya.

"Inna, ki yi wa Allah mu je gida mu yi wannan maganar."

"Wace Inna? A gida nake Innarki. A nan ni jama'a ce. Ɗauko abin rubutunki."

Auta ta ɗauko biro. Inna ta ba da labari tiryan-tiryan. Wata takwas da suka wuce ɗanta ya kawo mata katifar nan kyauta, ya ce za ta miƙar mata da baya. Tun daga nan take tashi kamar wadda aka yi wa duka. Ta ɗauka tsufa ne. Shekaranjiya ta kishingiɗa da rana, wani abu ya soke ta a haƙarƙari, ta ɗauko wuƙa ta farke wurin. Tana faɗa tana zuba hannu cikin ramin tana zaro shaida: kwali, tsummoki, hannun wata tsohuwar riga da maɓallinsa, sai dunduniyar takalmin mata mai tsini, wadda ita ce ta soke ta. Soson da ke sama bai fi kaurin yatsa ba.

Ta ce ba ta zo nan kai tsaye ba, sai da ta fara zuwa wurinsa. Ya dubi tsabar idonta ya ce mata ai fasaha ce, tudun nan da take ji tausa yake mata. Wannan ma da ta haƙura, ɗanta ne, ta san halinsa tun yana rarrafe. Abin da ya ƙona mata rai shi ne, da bakinta ta tallata wa ƙawayenta uku katifar, duk suka saya, yanzu dukkansu a karkace suke tafiya, ɗaya ma in ta hango ta sai ta canja hanya.

Darakta ya sauke jarida har ƙasa, abin da Auta ba ta taɓa gani ba. Ana cikin haka Antoni-Janar ya zo hawa matakala, ya ga taron mutane, ya leƙo. Ya dubi tsohuwa, ya dubi sanda, ya dubi dunduniyar takalmi, fuskarsa ta washe. Ya ce wannan ita ce. Auta ta tashi tsaye, ta gaya masa cewa mai ƙarar mahaifiyarta ce, wanda ake ƙara kuma yayanta ne uwa ɗaya uba ɗaya, don haka tana roƙon a cire hannunta. Ta ɗauka zai yi fushi. Sai ta ga ya lumshe ido kamar wanda aka sa wa zuma a baki. Ya ce uwa, da ɗa, da 'ya, ai ko shi ya zauna ya tsara ba zai tsara kamar haka ba. Ya tambayi Darakta ko dokar ta hana. Darakta ya ce akwai wani sashe mai kama da haka can wajen ƙarshe, amma bai kai nan a karatu ba tukuna, kuma ban da Auta ba wanda ya iya cike sabon fom ɗin.

Haka ta buga wa ƙarar uwarta hatimi. Aka sa bincike washegari da safe.

Da ta tashi aiki ta tsaya a bakin titi da waya a hannu, ta kira yayanta ta katse, ta kira ta katse. A karo na uku ta bari ta shiga. Ta gaya masa ƙiri-ƙiri cewa Inna ta kai ƙararsa, gobe za a zo. Ta san ba daidai ta yi ba, amma shi ne ya goya ta zuwa makaranta ranar da ta fara, shi ne kuma ya taɓa fasa wa wani yaro baki saboda ya kira ta mai kunnen zomo. Injiniya ya yi dariya har da tari. Ya ce tun yana ɗan shekara shida Inna ke cewa za ta kai shi wurin hukuma. Ya ce ta gaishe da maigidanta, ya kashe waya.

Washegari suka isa bayan kasuwa da ƙarfe tara, mota biyu, kowa cikin rigarsa mai ɗaukar ido. Inna ta ƙi zama a gida, ta shige gaban mota kusa da direba. Sai dai ba a shiga ba, domin 'yan talabijin ba su iso ba. Minti arba'in doka na tsaye a rana tana jiran kyamara. Kafin nan duk kasuwa ta taru, har masu sayar da ruwan sanyi sun samu ciniki.

Da kyamara ta iso, Antoni-Janar ya gyara tsayuwa ya karanto sashen da ya ba shi ikon shiga, da ƙarfi, ga ƙofar da take a buɗe tun safe. Injiniya ya fito da fara'a, ya yi musu maraba, ya sa ma'aikatansa su kawo kujeru. Ko kallon Auta bai yi ba. Da Antoni-Janar ya ce a kawo katifa a farke a gaban jama'a, Injiniya da kansa ya jawo wadda ke jingine a ɗakin nuni, ya miƙa wuƙa da hannu biyu. Antoni-Janar ya naɗe hannun riga, ya dubi kyamara, ya tsaga katifar tun daga sama har ƙasa.

Soso ne zalla, fari tas, mai kauri. Ya zura hannu har gwiwar hannu yana lalube, bai samo ko zare ba. Wani a cikin taron ya yi tafi. Gumi ya fara tsattsafo wa Antoni-Janar a goshi, Darakta kuwa ya fara ja da baya a hankali yana neman inda mota take. Auta ta rasa me take ji, sanyi ne ko kunya.

Sai Inna ta buga sanda a ƙasa. Ta ce su dai ba su san wanda suke hulɗa da shi ba. Wannan yaron, in ta aike shi sayen tumatir, manya uku yake ɗorawa a sama. Ta ratsa ta tsakiyarsu, ta wuce ɗakin nuni, ta wuce masu ɗinki, ta tsaya gaban wata ƙofa a baya da aka jingina wa allon talla. Ta ce a buɗe. Injiniya ya ce ai sito ne kawai, ba komai ciki sai ɓeraye. Ta ce tana son gaisawa da ɓerayen.

Katifu ne jibge har rufi, kowace cikin ledarta, ga buhunan tsumma da takarda a gefe. Inna ta nuna ɗaya da sanda. Wannan karon Antoni-Janar bai yarda ya riƙe wuƙa ba, ya miƙa wa Auta. Ta durƙusa, rigar DOKA na jan ƙasa, ta tsaga.

Kwali ya fara fitowa, sai tsumma, sai takardu a cukurkuɗe, dunƙule-dunƙule. Ta ɗauki ɗaya don ta nuna wa kyamara, ta ji kaurinta a hannu, ta san ta tun kafin ta warware. Wasiƙar sashensu ce. Ga hatiminta, ga sa hannunta, ana roƙon wani mai sayar da fenti cikin girmamawa da ya daina. Ta warware ta biyu, ta mai gidan burodi ce. Ta uku ko buɗe ambulan ɗin ba a yi ba.

Ta ɗaga kai ta dubi yayanta. Ya kawar da ido, ya ce cikin ƙunƙuni shi a buhu yake sayen takarda wurin masu shara na kasuwa, bai san me ke ciki ba. Can kuma, don bakinsa ba ya iya zama shiru, ya ƙara da cewa gaskiya takardar ofishinsu ta fi kowace ƙarko.

Mutane suka fashe da dariya. Auta ba ta yi ba. Ta tuna yadda take zama ta zaɓi kalmomi, ta sake bugawa in ta yi kuskuren harafi ɗaya, ta bi masinja da roƙo ya kai a kan lokaci. Ashe shekara goma sha bakwai tana yi wa tsofaffi cikon katifa ne. Ta miƙe, ta karɓi fom daga hannun Darakta, ta ɗora a bayan mota, ta cike shi layi-layi. A gurbin sunan mai masana'anta ta rubuta sunansa na yanka, ba Injiniya ba.

"Auta, ni za ki rufe wa ƙofa?"

"Yaya, matsa gefe, kana tare hanya."

Kwaɗon da ofis ya zo da shi ya yi wa ƙofar ƙanƙanta. Aka yi ta gwadawa a gaban kyamara, ya ƙi shiga. Ƙarshe sai da aka ari kwaɗon mai masana'antar aka rufe masana'antarsa da shi. Auta ta miƙa hannu ya ba ta makulli. Ba ta janye hannun ba, ya ciro na biyu daga cikin hula ya ba ta.

Da yamma aka nuna a talabijin. Antoni-Janar ya yi minti shida yana bayanin yadda basirarsa ta gano ƙofar sito. An nuna sandar Inna, an nuna bayan Auta.

Shari'a ba ta yi tsawo ba, don lauyan Injiniya da ya ga dunduniyar takalmi sai ya ba shi shawarar ya amsa laifi. Kotu ta ce masana'anta ta zauna a rufe wata uku, a cire kalmar Likita da mutumin mai farar riga, kuma duk wanda ya dawo da tsohuwar katifa a ba shi sabuwa ta soso na gaske, ofishin Antoni-Janar ya sa ido.

A gida kuwa Auta ta ga tasku. Matar yayanta ta cire ta daga zauren dangi na waya. Kawunsu ya kira ya ce ta zubar da mutuncin gida. Abin da ya fi ɗaure mata kai Inna ce: kullum sai ta dafa abinci ta kai wa ɗanta, ta dawo ta ce wa Auta ta je ta ga yadda ta ramar da yayanta, mutum ba ya aiki da tausayi. Da Auta ta tuna mata wa ya kai ƙarar, Inna ta ce ita cewa ta yi a tsorata shi. A ofis kuma layi ya fara kaiwa har bakin titi, Darakta ya nemi a mayar da shi wani sashe saboda hawan jini.

Ranar musayar katifu aka tura Auta ta tsaya a kai. Tun da sassafe harabar masana'anta ta cika da mutane, yawancinsu tsofaffi, kowa da tsohuwar katifarsa. Aka ba wa ta farko a layi sabuwa, wata daga cikin ƙawayen Inna. Ta dube ta, ta danna ta, sannan ta ciro reza daga jaka ta tsaga gefe ta leƙa. Da ta ga soso ne ta ce ta yarda, a ɗinke mata. Shi ke nan, kowa ya ce shi ma sai ya gani da idonsa. Rezar nan ta zaga layi kaf. Masu ɗinki biyu suka kasa, dole Injiniya ya cire babbar riga, ya zauna a ƙasa da basilla da zare, yana ɗinke abin da ya gama ɗinkewa jiya.

Auta na tsaye da takardarta tana kallonsa. Wata uku ke nan bai ce mata uffan ba. Rana ta take, gumi ya jiƙe masa baya, bakin katifar da yake ɗinki sai zamewa yake, ya kama nan can ya buɗe. Ya yi tsaki sau biyu. A na uku, ba tare da ya ɗago ba, ya ce, "Ke, in ba doka ta hana ba, riƙe min nan."

Ta ajiye takardar, ta tattare rigar, ta durƙusa ta haɗe bakin yadin da hannu biyu. Ya soka basilla ya ja zare. Ya ce ta matse sosai, ba a riƙe yadi kamar ana riƙe jariri. Ta ce ya yi ɗinkinsa ya rufe mata baki, akwai mutum talatin a layi. Ya ce talatin da ɗaya, ga wani can yana shigowa da tasa a ka. Suka gama wannan, suka jawo ta gaba.